BABI NA UKU: ZUWAN SIMINTI DA TARIHIN ƘARKON GINE-GINE A JEGA DA ALIERO DA MAIYAMA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo bayanin garuruwan Jega da Aliero da Maiyama da sana'o'in mutanensu. A wannan babi kuwa za a dubi yadda mutanen waɗannan garuruwa suka tashi daga ginin ƙasa suka koma ginin siminti da kankare, da kuma yadda wannan sauyi ya shafi ƙarkon gine-ginensu. Abin da ake nufi da ƙarko a nan shi ne yawan shekarun da gini zai ɗauka yana biyan buƙatar da aka gina shi dominta, ba tare da ya zama haɗari ga masu amfani da shi ba. Babin zai nuna cewa a zamanin ginin ƙasa kowa ya san gini yana tsufa, kuma al'umma ta tanadi lokacin gyaransa, amma da siminti ya zo sai aka ɗauka an sami abin da ba ya tsufa, aka saki al'adar gyara, alhali kuwa shi ma kankare yana da nasa wa'adi wanda masana ke iya ƙiyastawa.

3.1 Ginin Ƙasa Kafin Zuwan Siminti

An kafa garin Jega a wajen shekarar 1820 a ƙarƙashin jagorancin Buhari ɗan Abdussalami, wanda mahaifinsa ya zauna a Gimbana kafin jihadi. Da yake garin yana bakin Gulbin Zamfara, kuma a kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja neman goro, bai daɗe ba ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu. Aliero tana arewa maso gabas da Jega a kan hanyar Sakkwato, ita kuwa Maiyama tana kudu a kan hanyar Koko da Yawuri. A duk garuruwan uku, kamar sauran ƙasar Hausa, da ƙasa ake gini: a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a bar ta ta tsima, a yi tubali, sa'annan a ɗora bango. Masu hali kan yi soro da azarar giginya, saboda gara ba ta cika cin ta ba, a shafe rufin da laso ko makuba, a kuma sa indararo domin ya jefa ruwan sama nesa da gindin bango. Talaka kuwa kan yi ɗaki ya ɗora masa jinka.

Magina na wancan zamani ba su da lissafin shekarun gini a rubuce, amma suna da ƙa'ida wadda ba ta ɓuya ga kowa ba, watau ginin ƙasa yana rayuwa ne gwargwadon yadda ake yi masa yaɓe. Idan bazara ta kama, kafin ruwan farko ya sauka, maigida zai duba rufi da gindin bango, ya toshe tsaga, ya sabunta yaɓe, wani lokaci ma da gayyar 'yan uwa da maƙwabta. Lalacewar ginin ƙasa a fili take. Ido yana ganin inda ruwa ya zaizaye, kuma maganin yana nan a kududdufin bayan gari, ba sai an sayo shi daga wata ƙasa ba. Da irin wannan kulawa ce masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya haura shekara ɗari yana aiki. A ɗaya ɓangaren kuma, Surame, babban birnin Kanta na Kabi a ƙarni na 16, ko da yake an haɗa da dutse wajen gina ganuwarsa, da aka watse daga cikinsa sai ya koma kufai. Wannan ya nuna cewa tun asali ƙarkon gini ya rataya ne a kan kayan aiki da kuma mai kula da shi.

3.2 Shigowar Siminti

Simintin da ake amfani da shi a yau ya samo asali daga Ingila, inda wani magini mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar haɗinsa a shekarar 1824. A shekarar 1867 kuma wani Bafaranshe mai aikin lambu, Joseph Monier, ya yi rajistar dabarar sa ƙarfe a cikin siminti. Hikimar wannan dabara ita ce kankare yana jure danni amma ba ya jure ja, shi kuwa ƙarfe yana jure ja, saboda haka idan aka haɗa su sai kowane ya rufa wa ɗan uwansa asiri. Wannan shi ne asalin rodin da ake sa wa a ginshiƙi da linta da rufin kankare.

Bayan da Turawan Ingila suka ci ƙasar Sakkwato da Gwandu a shekarar 1903, siminti ya fara shigowa sannu a hankali, kuma daga Turai ake kawo shi, don haka yana da tsada ƙwarai. Gwamnati da En'e ne kaɗai ke iya amfani da shi, a ayyuka irin su rijiyar murtsatse da kwalbati da daɓen ofisoshi da ɗakunan shan magani. Attajiri kan sayi 'yan buhuna ya shafe fuskar zaurensa na ƙasa, abin da sau da yawa kan ɓamɓare bayan 'yan shekaru, domin siminti da ƙasa ba su kama juna sosai.

Lamarin ya sauya ne da aka fara yin siminti a cikin gida. Masana'antar Nkalagu ta fara aiki a 1957, ta Ewekoro ta biyo baya a 1960. Wadda ta fi shafar yankin da ake nazari ita ce ta Kalambaina a gefen birnin Sakkwato, wadda aka kafa kamfaninta a 1962, ta fara fitar da siminti a 1967, saboda akwai farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a wurin. Da yake Aliero da Jega da Maiyama duk suna kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Kwantagora, sai simintin ya riƙa isa gare su a mota cikin yini guda.

3.3 Shekarun Arzikin Man Fetur

Shekarun 1970 su ne lokacin da ginin siminti ya zama ruwan dare. Kuɗin man fetur sun yawaita, ƙarin albashin Udoji ya shiga hannun ma'aikata, gwamnati kuma ta shiga gine-gine ba ƙaƙƙautawa. A shekarar 1975 aka yi odar siminti daga ƙasashen waje har wajen tan miliyan 20, jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cincirindo a tashar Ikko, wasu suka yi watanni suna jiran sauke kaya, har wani simintin ya sha danshi ya daskare tun yana cikin jirgi. A shekarar 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ya buƙaci a gina dubban azuzuwa cikin gaggawa. A wannan shekarar ce kuma aka yi gyaran tsarin ƙananan hukumomi, Jega ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma a tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin daga baya a fitar da Maiyama da Aliero daga cikinta.

Wannan gaggawa ta haifar da sababbin sana'o'i: ɗan kwangila da birkila da mai buga bulo da mai ɗaurin rodi. Da yawa daga cikinsu magina ne na gargajiya da suka koyi aikin siminti ta hanyar kallo, ba tare da an bayyana musu dalilin kowace ƙa'ida ba. Hukumar yi wa injiniyoyi rajista ta samu ne a 1970, hukumar kula da ingancin kaya a 1971, amma injiniyoyin ba su da yawa, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. Saboda haka aikin da aka yi a ƙauye sau da yawa ba ya samun mai duba shi sai ranar da za a biya kuɗi.

Daga shekarar 1986, lokacin da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, siminti da rodi suka yi tsada. Sai aka shiga rage siminti a ƙara yashi, ana fitar da bulo daga buhu guda mai kilo 50 fiye da yadda ƙa'ida ta yarda. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991, sai wani sabon zangon gine-gine ya buɗe, na sakatariyoyi da asibitoci da gidajen ma'aikata. A 2006 aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a Aliero, wadda daga baya aka sa wa sunan Abdullahi Fodiyo, abin da ya jawo gina ɗakunan haya da shaguna a garin. Kuɗin albasa a Aliero da na kasuwanci da shinkafa a Jega su ma sun shiga bulo da kankare, har benaye suka fara bayyana a inda da soraye ne.

3.4 Yadda Kankare ke Tsufa

Kankare haɗi ne na siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Awon da aka fi sani shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ba bushewa ce ke sa shi tauri ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, shi ya sa ake son a yi ta ba shi ruwa na aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake gwada ƙarfinsa. Tun a shekarar 1918 wani masani a Amurka, Duff Abrams, ya nuna cewa gwargwadon yawan ruwan da aka zuba a kwaɓi, gwargwadon raunin kankaren, domin idan rarar ruwan ta ƙafe sai ta bar ƙananan ƙofofi a jikinsa.

Ta waɗannan ƙofofi ne tsufa ke shiga. Sabon kankare yana da wani sinadari mai kaifi irin na farar ƙasa wanda ke lulluɓe rodi ya hana shi tsatsa. Iskar kabon da ke cikin sarari tana kutsawa daga waje zuwa ciki tana kashe wannan kaifi kaɗan-kaɗan. Ranar da ta isa ga rodi, idan akwai danshi, sai ya fara tsatsa. Ita kuwa tsatsa tana kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci sau biyu ko fiye, sai ta tsaga kankaren daga ciki, fatarsa ta ɓalle, rodi ya fito fili. Daga nan sai abin ya yi sauri, domin kamar yadda masu iya magana kan ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gishiri ma yana yin wannan ɓarna, ko ya shigo ta ruwan kwaɓi ko ta ƙasar da aka yi gini a kanta.

Yanayin yankin Jega yana da nasa tasiri ta fuska uku. Na farko, zafin bazara kan haura digiri 40, iskar hunturu kuma busasshiya ce, saboda haka kankaren da aka zuba ba a rufe shi ba, ba a kuma ba shi ruwa ba, yakan bushe kafin ya nuna, fatarsa ta yi rauni, ga ta kuwa ita ce garkuwar rodi. Na biyu, ƙasar yankin ta yashi ce da laka da marmara, babu dutsen fasawa mai ƙarfi a kusa sai an nufi wajen Zuru da Yawuri, don haka magina kan dogara da tsakuwar rafi ko ta marmara, wadda idan ba a wanke ta ba takan zo da laka ta hana siminti kamawa. Na uku, unguwannin da ke kusa da fadama suna fama da danshin da ke tasowa daga ƙasa yana cin gindin bango, ga kuma ambaliya, kamar ta 2012 da ta 2020 da suka lalata gidaje da hanyoyi da gadoji a sassan Jihar Kebbi. Ruwa mai gudu kan kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin gada ko kwalbati, ginin ya zauna ko ya karye ko da kankarensa lafiya lau yake. Sai dai yankin yana da sa'a guda, watau tsawon rani yana rage saurin tsatsa idan aka kwatanta da garuruwan bakin teku. Wannan ne ya sa ɓarnar ta fi bayyana a wuraren da ruwa ke kwanciya: rufin kankare mai yoyo, da banɗaki, da tankin ruwa, da gindin ginshiƙi.

3.5 Ƙiyasin Shekarun Gini da Amincinsa

Ƙa'idojin gini da Nijeriya ta daɗe tana bi na Ingila ne, musamman wanda ake kira BS 8110 na shekarar 1985. A ƙa'idojin Turai na yanzu ana tsara gida ko makaranta ko asibiti a kan shekara 50, gada kuwa shekara 100. Wannan ba yana nufin gini zai faɗi ranar da ya cika wa'adin ba ne. Ma'anarsa ita ce a cikin wannan lokaci bai kamata ya buƙaci babban gyara ba, matuƙar an gina shi bisa ƙa'ida kuma ana yi masa ƙananan gyare-gyare.

A shekarar 1982 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Kyösti Tuutti, ya raba rayuwar kankare mai rodi gida biyu. Zango na farko shi ne lokacin da iskar kabon ko gishiri ke tafiya kafin su isa ga rodi. A wannan zango ido ba ya ganin komai. Zango na biyu shi ne daga fara tsatsa zuwa tsagewa. Ana iya ƙiyasta zangon farko domin tafiyar iskar tana bin wata ƙa'ida: idan ana son zurfinta ya ninka sau biyu, sai shekaru sun ninka sau huɗu. Injiniya kan ɓanɓari ɗan yanki daga jikin gini ya fesa masa wani ruwan gwaji mai suna fenolfitalin. Inda kankare ke da sauran kaifinsa sai ya koma ja-ja, inda ya mutu kuwa ba ya sauya launi, sai a auna zurfin da abin awo.

Ga misali domin a fahimta. A ɗauka an gina ajin makaranta a 1976, aka gwada shi a 2025, watau bayan shekara 49, aka tarar iskar ta shiga milimita 21. Tushen 49 shi ne 7, idan aka raba 21 da 7 za a sami 3, wannan shi ne ma'aunin saurinta a wannan gini. Idan kaurin kankaren da ya rufe rodi milimita 30 ne, iskar ba za ta isa gare shi ba sai ginin ya shekara 100. Idan milimita 25 ne, za ta isa a wajen shekara 69, watau saura shekara 20. Idan kuwa milimita 15 ne, to ta riga ta isa tun ginin yana da shekara 25, a shekarar 2001. Daga wannan lissafi za a ga cewa bambancin da bai wuce faɗin ɗan yatsa ba, wanda ya danganta da ko mai ɗaurin rodi ya sa 'yan duwatsun da ke ɗaga ƙarfe daga jikin katako ko bai sa ba, shi ne ke raba ginin shekara 25 da na shekara 100.

Shi kuwa aminci, watau tabbacin cewa gini ba zai gaza ba, ana lissafa shi ne ta hanyar gwama nauyin da gini zai ɗauka da ƙarfin da yake da shi, tare da sanin cewa duka biyun ba su tsaya a wuri guda ba. Don haka ne ƙa'idar BS 8110 ta ce a ninka nauyin ginin kansa da 1.4, nauyin mutane da kaya da 1.6, sa'annan a raba ƙarfin kankare da 1.5. Wannan rara ce da aka ajiye domin kuskuren da ba makawa sai an yi. Mai ginin da ya rage siminti, ko ya sa siririn rodi, ko ya ɗora bene a kan harsashin da ba a tsara shi don haka ba, wannan rarar yake cinyewa, kuma ginin zai iya tsayawa shekaru ba tare da ya nuna alama ba. Akwai kuma na'urori masu sauƙi na gwaji, kamar gudumar da Ernst Schmidt ya ƙirƙiro a Suwizalan a 1948, wadda ake danna wa a jikin kankare ta nuna taurinsa ba tare da an fasa shi ba.

Abin da kan biyo bayan sakaci a wannan fage ba ɓoyayye ba ne. Gadar Morandi a birnin Genoa na ƙasar Italiya, wadda aka buɗe a 1967, shekarar da Kalambaina ta fara aiki, ta rufta a ranar 14 ga Agusta, 2018, mutum 43 suka rasu, kuma tsatsar ƙarfen da ke cikinta na daga cikin manyan dalilai. A Ikoyi ta Jihar Legas, bene mai hawa 21 ya rushe a ranar 1 ga Nuwamba, 2021 tun ana cikin gina shi, fiye da mutum 40 suka mutu. Na farko misali ne na tsufan da ba a tare shi ba, na biyu kuma na rarar da aka cinye tun daga farko.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa mutanen Jega da Aliero da Maiyama sun gaji al'adar gini wadda ta haɗa gini da gyaransa a kowace shekara. An ga yadda siminti ya shigo ta hannun Turawa, ya yaɗu bayan buɗe masana'antar Kalambaina a 1967, ya kuma mamaye ko'ina a shekarun 1970. Babu shakka ya kawo sauƙi, domin ya raba mutane da fargabar faɗuwar soro a tsakiyar damina, ya kuma sa an sami gadoji da makarantu da asibitoci. Amma ya zo da wata fahimta cewa ginin siminti ba ya son komai bayan fenti, kuma ba a sami wata al'ada da ta maye gurbin yaɓe ba. Ko da aka fito da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, abin da ya fi mayar da hankali a kai shi ne sabon gini, alhali tsofaffin su ne suka fi yawa.

Azuzuwan da aka gina a 1976 suna cika shekara 50 a 2026, watau wa'adin da ake tsara irinsu a kai, kuma yara na zaune a ƙarƙashin lintocinsu a kowace rana. Hausawa kan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne buƙatar ƙananan hukumomin uku su san shekarar da aka gina kowane ginin jama'a, a riƙa duba shi kafin damina kamar yadda magabata ke duba soro, a gwada waɗanda suka tsufa, a toshe yoyo a rufe rodin da ya fito tun tsatsa ba ta ci ƙarfinsa ba. Jami'ar da ke Aliero tana da tsangayar injiniya wadda za ta iya taimakawa da irin waɗannan gwaje-gwaje. A babi na gaba za a dubi matsayin magina da 'yan kwangila a cikin al'ummar waɗannan garuruwa da yadda ake koyon sana'ar a yau.